Bunsurun Hutun Rabin Lokaci

Wasan ƙarshe ne na kakar bara, in ƙungiyarmu ta ci, ta haye babban rukuni. Muna zaune a unguwarmu Rikoto, kunne a rediyo, aka tafi hutun rabin lokaci muna da biyu, su kuwa ba ko ɗaya. Nan take na kayar da bunsurun matata.

Ta ce, "Baban Ladi, ba ka bari a tashi?"

Na ce, "Ina ruwan mace da ƙwallo?"

Kafin nama ya nuna, 'yan banzan nan sun bari an zura musu uku! Maƙwabta suka cinye tas, suna mini jaje baki cike. Har yau ko gaisuwar mutuwa na je, sai wani ɗan iska ya yi "meee" a bayana.