Gwangwanin Tumatir a Hancin Kamara

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na tsaya a tsakar gidan Alhaji Isufu a unguwar Biafra ta Treichville, cikin Abijan, da kamara a wuyana da gwangwanin tumatir a hancinta ba. Ko na so in manta ma, akwai mutum ashirin da wani abu a Treichville da ba za su bar ni ba.

Ni dai maƙerin gwangwani ne. Sana'ar da na taso da ita ke nan tun daga Ƙwanni, ita na kawo Abijan, kuma na shekara fiye da talatin ina bugunta a wata rumfa a unguwar Bromakoté. Mazurari, fitila, murhun gawayi, mudun awo, duk aikina ne. Boko kuwa aji huɗu na yi, malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu ba faɗa. Sai dai ina da wata cuta da ban san cuta ba ce sai da na tsufa: duk abin da na gani da idona sau ɗaya, sai in ce zan iya ƙera shi, har in fi mai shi.

A shekarun nan da ba a san waya mai hoto ba, na sayi wata 'yar kamara a kasuwar Adjamé, irin kayan da suka gama shan aiki a Turai kafin su iso mana, waɗanda mutanen Abijan ke kira France au revoir. Ƙarama ce, tana shiga aljihun riga. A sa mata fim mai hoto talatin da shida, in ya cika a kai wurin masu wankin hoto. Fim ɗina na farko ya fito fari-fari, kamar a cikin hayaƙin masu gasa kifi na ɗauki mutane. Matar da ke karɓar aiki a wurin wankin ta ce mini rana ce ke shiga idon kamarar.

Ba a yi sati biyu ba, a wani ɗaurin aure, na ga mai hoto na gaske, wani Bayarabe mai shago a Treichville, da wata baƙar roba kamar ƙaramin kwano a bakin babbar kamararsa. Na matsa na tambaye shi. Ya ce sunanta pare-soleil, wato abin tare rana. Na juya ta a hannu, na mayar masa, na yi murmushi. Ashe rumfa ce. Rumfa kawai! Ni da na yi wa shagon mutane goma rumfar kwano?

Washegari na sami gwangwanin tumatir, na yanke gindinsa, na tsaga shi, na naɗe daidai bakin kamarata, na yi masa dalma. Cikinsa na shafe da baƙin tukunya don kada ya yi ƙyalli. Har nan ban yi laifi ba. Inda na ɓata shi ne tsayi. Ta Bayaraben nan gajeriya ce, mai faɗin baki. Ni kuwa na zauna na yi lissafi irin na masu ilimi, na ce ai Bature ya yi ta ne daidai ranar ƙasarsu, wadda ko wanki ba ta busarwa. Ranar Abijan sai doguwar rumfa. Na bar gwangwanina da tsayin yatsana na tsakiya, na ɗaure shi da robar tayar keke.

(Ga wanda bai san irin waɗannan kamarori ba: ido biyu gare su. Akwai 'yar taga a sama inda kake leƙawa, akwai kuma babban ido a ƙasa wanda shi ke ɗaukar hoton. Abin da taga ta gani daban, abin da ido ya gani daban. Wannan karatun daga baya na yi shi, a gaban jama'a.)

Da na leƙa sai na ga bakin gwangwanin ya ɗan tare tagar. Na ɗauki guduma na danne samansa har ya sunkuya, na sake leƙawa, komai tas. Na ce alhamdu lillahi.

Matata Ramatu tana tsinke alayyafo tana kallona. Ta ce, "Malam, ka gwada shi kan akuyar maƙwabta mana tukuna."

Na ce, "Ramatu, na taɓa koya miki miya?"

"A'a."

"To."

Shi Alhaji Isufu aminina ne tun zuwanmu Abijan, dillalin albasa ne a kasuwar Guro. A lokacin mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta zo daga wani ƙauye kusa da Madawa, kwana uku a mota, don ta ga jikokinta da aka haifa a nan, waɗanda rabinsu in ta yi musu Hausa sai su amsa da Faransanci. Wannan ne zuwanta na farko, kuma ta faɗa da bakinta cewa ƙashinta ba zai sake ɗaukar wannan hanya ba. Inna ba ta son hoto. In ban da na katin shaida, wanda ya koɗe har ba a gane mace ce ko namiji, ba ta da ko ɗaya a duniya. Wata guda Isufu ya yi yana lallashinta ta zauna sau ɗaya a tsakiyar jikokinta. Sai da ya rage 'yan kwanaki ta koma sannan ta yarda.

Isufu ya zo rumfata da murna, ya ce zai je ya kira Bayaraben nan.

Na ajiye guduma. Na ce, "Alhaji, ina raye? Ka kawo baƙo ya yi ta jan tsohuwa, ɗaga kai, sauke kai? Abin da yake taƙama da shi ina da shi. Nawa ma ya fi nasa tsawo."

Ya dubi gwangwanin, ya dube ni. Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Ka taɓa sayen mazurarina ya yi yoyo?"

Bai taɓa ba. Allah sarki, da wannan na ci shi.

Ranar Lahadi da hantsi na hau gbaka, ƙaramar motar haya, na haye gada zuwa Treichville, sanye da babbar rigata ta sallah. Tsakar gidan irin na haya ne, ɗakuna a kewaye, famfo ɗaya a tsakiya. An share, an kwashe shanya, an kawo kujera mai hannu daga ɗakin Isufu. Inna ta fito cikin sabon atamfa, an yi mata lalle, ta zauna kamar wadda za a cire wa haƙori. 'Ya'ya da jikoki da surukai suka jeru, manya a baya, ƙanana a gaba. Maƙwabta, 'yan ƙabilun Bawule da Jula da Mosi, duk suka fito ƙofar ɗakunansu kallo.

Inna ta nuna kamarar da haɓa. "Isufu, mi ne ne wanga a bakin abin? Bindiga ce?"

Nafisa, babbar 'yar Isufu, wadda ke makarantar sakandare, ta ƙyalƙyale da dariya. Ta kira ni Tonton, wato kawu a bakin 'yan Abijan, ta ce, "Ba tumatir ba ne? Ga hoton tumatir nan a jiki."

(Na manta ban shafe bayan ba.)

Na ce, "'Yar nan, ke karatun takarda kika yi. Wannan ilimin hannu ne." Sannan na yi wa jama'a bayani a kan ranar Turai da ranar Abijan, da Hausa, na maimaita da guntun Faransancina don maƙwabta su amfana. Wani tsoho Bajule har gyaɗa kai yake yi.

Na juya su suka fuskanci inda nake so, ni kuma na fuskanci rana da gangan, don a ga aikin rumfa. Na leƙa taga. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Inna a tsakiya, jaririn gidan a cinyarta, kuma daidai lokacin wani jika ya yi mata wata magana a kunne ta yi dariya, dariyar da Isufu ya ce rabon da ya gani tun yana yaro. Na danna. Na sake dannawa. Na ɗauke ta da maza, na ɗauke ta da mata, na ɗauke ta ita da Isufu su biyu. Ina yi ina tsugunawa, ina miƙewa, ina cewa "Attention!" kamar yadda na ga Bayaraben na yi. Hoto ashirin da takwas.

Da aka gama Isufu ya ce, "Gobe ka kai wanki, ta gani kafin ta hau mota jibi."

Na ce to. Amma da na koma gida na ga saura hoto takwas a fim ɗin, sai na ji ba zan iya kai shi da sauran wuri ba. Wa ke sauke tukunya da rabin gawayi? Na cire gwangwanin, tunda rumfata akwai inuwa, na bi kayan sana'ata ina ɗauka a hankali, yau biyu, gobe ɗaya. Ranar Talata Inna ta hau mota. Na raka ta tasha har ina ce mata ta kwantar da hankalinta, zan aiko mata da nata da direba.

Sai ranar Asabar na kai fim. Da na koma karɓa, matar wurin ta riƙe ambulan ɗin ba ta sake shi ba. Ta ce, "Tonton, ka buɗe a nan tukuna."

Na ce mata na yi wa mai shi alkawari tare za mu buɗe. Gaskiyar magana, so nake a buɗe a gaban mutanen da suka yi wa gwangwanina dariya.

Ta sake shi a hankali, ta ce, "To. Yako." Wato sannu, irin wadda ake yi wa wanda abu ya sama. Na ɗauka gajiyar hanya take yi wa.

Bayan la'asar na isa Biafra. Aka shimfiɗa tabarma, aka kira kowa, har maƙwabta. Ramatu ma ta biyo ni. Na miƙa wa Isufu ambulan da hannu biyu, na koma na harɗe.

Hoton farko da ya zaro murhun gawayi ne. Kai, ya yi kyau! Har ƙusoshin ana ƙirgawa. Na biyu mazurari uku a jere. Na uku fitilu. Aka yi ta miƙawa hannu zuwa hannu ana cewa lallai kamarar nan tana da ido. Ni kuwa ina cewa, "Ku dai jira."

Isufu ya zaro na tara. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

Baƙi ne ƙirin, kamar gindin tukunya. Sai daga can ƙasa wani ɗan da'ira, bai fi bakin kofin shayi ba. A cikin da'irar akwai ƙafafu biyu masu lalle cikin takalmin roba, da ƙafar kujera ɗaya.

Ya zaro na goma. Ƙafafu. Na sha ɗaya, ƙafafu da gefen tabarma. Na sha biyu, ƙafafu da wata agwagwa da ban ma san ta wuce ba. Dogon gwangwanina ya rufe idon kamara ruf, dannewar da na yi masa da guduma kuma ta sa ɗan ramin da ya rage yana kallon ƙasa. Hoto ashirin da takwas, babu fuska ko ɗaya.

Nafisa ta ɗaga ɗaya sama ta ce, "Tonton, husufin wata ka ɗauka?"

Babu wanda ya yi dariya, sai wata maƙwabciya da ta toshe baki da zane ta shige ɗaki, muna jin ta daga ciki.

Na buɗe baki na ce, "Wataƙila kamarar ce ta..."

Ramatu ta miƙa hannu. Hoton murhun kawai ta ɗauka ta ajiye a gabana.

Na so ƙasar Biafra ta tsage in shige, da ni da babbar rigar. Na jira Isufu ya zage ni, don da ya zage ni da na sami sauƙi. Bai yi ba. Ya daɗe yana duban hoto guda, wanda na ɗauke su su biyu, ƙafarsa kusa da tata. Can ya ce, "Ƙafarta ce kam. Ga yatsan da jaki ya taka." Ya mayar da su cikin ambulan, ya sa a aljihu, ya ce wa matarsa a kawo wa baƙi abinci. Na ci shinkafar nan kamar ina cin tsakuwa.

Inna ba ta sake zuwa Abijan ba, kamar yadda ta faɗa. Damina biyu bayan haka aka aiko ta rasu. Na je gaisuwa na zauna can bakin ƙofa, ina addu'a kada kowa ya ambaci hoto. Da jama'a suka ragu na matsa kusa da Isufu na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun ranar, amma akwai aikin da zan riƙa yi masa.

Aikin kuwa har yau ina yinsa. Jikokin nan sun girma, wasu sun haifi nasu. Duk wanda ya tambayi Isufu yaya kamannin Inna suke ranar da ta zauna a tsakiyarsu, sai ya ce, "Ku tafi Bromakoté wurin Tonton. Shi kaɗai ya leƙa tagar, shi ya ga hoton." Su kuwa sai su zo, da gaske, su zauna a kan bencina. In ajiye guduma in fara: kai kana nan hagu kana kuka, ke kina baya kin ɗaura ɗankwalin uwarki, Inna tana tsakiya da jariri, ta karkata kai tana dariya, haƙoranta biyu na gaba babu. Jaririn da kansa ya zo bara, da gemunsa, ya sa na faɗa masa sau biyu.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka gwada gwanintarka, gwada ta a kan abin da za a iya sake zaunar da shi gobe. Kuma tun daga ranar, in wani ya nuna mini abu ya ce, "Malam, za ka iya ƙera irin wannan?" sai in ce masa bari in je gida in yi shawara. Ramatu ce shawarar.