Ɗan Herminia Ya Dawo Gida

A cikin fasinjoji dubu uku da jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa ya kwaso daga Hamburg, babu na biyun Anselmo Barreiro. Mutum ne mai ilimi, mai kwarjini, mai tumbi daidai misali, wanda idan ya buɗe baki a teburin cin abinci sai cokula su tsaya. Na san shi ciki da waje, domin ni ne shi. Sai dai girman da ya ɗauko a tafiyar nan ya fi ƙarfin a ce “ni”, don haka ku bar ni in ba da labarinsa daga gefe, ko kunyar ta ragu.

Shekara arba'in da uku ya yi a Jamus. Idan aka tambaye shi aikinsa kafin ritaya, sai ya gyara zama ya ce harkar sufuri. Ba ƙarya ya yi ba: shi ke ɗaga sandar ƙofa a garejin motocin bas, shi ke sauke ta. Amma a jirgin nan ya sami abin da ya fi kowa da shi. Ran Laraba za a tsaya awa shida a wani gari na arewacin Sifen, inda aka yanke masa cibiya, inda marigayiya mahaifiyarsa Herminia ta ƙare rayuwarta tana sayar da kifi a tsohuwar kasuwa mai rufin ƙarfe. Tun ranar farko ya kama yi wa mutane wa'azi a kan kasuwar nan, har abokan teburinsa suka laƙaba masa Sarkin Kasuwa. Shi a zatonsa yabo ne.

“Kada wanda ya nemi ɗan jagora,” in ji shi. “Ni ɗan gari ne. Ina sa ƙafa a kasuwar nan za ku ji an kama kiran sunana. Ku dai ku tsaya a bayana, kada ku kunyata ni.”

Abin da bai gaya musu ba, rabonsa da garin shekara ashirin da shida. Kuma duk cika bakin nan, abin da ransa ke so bai wuce mutum ɗaya tak ya dube shi a kasuwar ya ce lale da ɗan Herminia ba.

Laraba ta yi. Sarkin Kasuwa ya sauko cikin gajeren wando, da farar safa a takalmi mai maɗauri, da katin jirgi rataye a wuya kamar ƙararrawar akuya. Tsofaffin Jamusawa biyar na biye da shi, ciki har da wata bazawara Gudrun, wadda dominta ya sayi sabon turare. Sau biyu ya ɓatar da su a hanya, sau biyu yana zagin hukumar gari da ta matsar da tituna. Da suka iso ƙofar kasuwa ya tsaya, ya buɗe hannuwa, ya shaƙi ƙarnin kifi, ya ɗan jira. Wani mai tura amalanken ƙanƙara ya ce masa ya kauce.

A gurbin teburin mahaifiyarsa yanzu ruwan lemo ake matsa wa baƙi a kofin takarda. Ya wuce da sauri yana nuna wa jama'arsa ƙarafan rufi, ya kai su teburin kifi mafi cika, inda mata kusan goma sha biyu ke tsaye barkatai da kwandunansu.

To, duk wanda aka haifa a garinmu ya san ba ma jeruwa. Kana isowa sai ka ɗaga murya ka tambayi wa ne na ƙarshe. Wata ta ce ita ce, ka riƙe fuskarta, ko sayen albasa ka tafi ka dawo. Ana sallamarta, kai ne. Layin yana nan daram, a ka ake riƙe shi. Anselmo ya ji tambayar nan sau dubu yana rarrafe a ƙarƙashin teburin uwarsa, amma shekarun tsayuwa a bayan ƙeyar Jamusawa sun goge masa ita tas.

“Kun gani ko?” ya ce wa mabiyansa. “Mu nan ba ruwanmu da layi. Sanayya ce ke aiki.”

Ya sa gwiwar hannu ya ratsa matan, ya danna wa wani ƙaton kifi yatsa a ciki don ya koya wa Gudrun yadda ake gane na yau. Kasuwa ta ɗauka. Wata ta tambaya ko a daji aka raine shi, wata ta ce a ƙyale shi, jirgi ne ya amayo su. Mai kifin, wata kakkaurar mata Dorinda, ta maka masa jiƙaƙƙen tsumma a hannu, sannan ta yi masa bayani da guntun Turancinta, a hankali, tana nuni da yatsa, cewa a nan ba a taɓawa. Wallahi tsumman bai yi masa zafi ba. Turancin ne ya ƙona masa zuciya, don baƙo kaɗai ake yi wa shi.

Yana cikin haka ya ji muryar Gudrun a bayansa. Ashe ta karanta 'yar takardar bayanin al'adun garin da ake rabawa a jirgi. Da karyayyen Sifaniyancinta ta tambayi wa ce ta ƙarshe, matan suka washe baki, ɗaya ta ce, “Ni ce, 'yar uwa,” har da kama mata hannu.

Abin ya ishi Sarkin Kasuwa. Ya daki ƙirji ya faɗa da harshen garin, wanda Jamusanci ya riga ya lanƙwasa, cewa shi ɗan Herminia ne, mai teburi na uku daga ƙofa.

Wata tsohuwa da ke zaune a kan akwati tana fere tafarnuwa, Eudosia, ta ɗago ta dube shi daga sanƙo zuwa safa. Shi ya gane ta, ita ce maƙwabciyar teburin mahaifiyarsa.

“Kai bawan Allah, ji tsoron Allah,” in ji ta. “Ɗan Herminia dogo ne, kyakkyawa, mai ladabi. Shi ke riƙe da duk motocin Jamus, kullum sai ta faɗa mana. Aiki ya yi masa yawa har jana'izarta bai sami zuwa ba. Kai kuwa ko tambayar layi ba ka iya ba.”

Ashe cika bakin gado ne. Fasfo ɗinsa na aljihu, da ya zaro shi magana ta ƙare. Amma sai ya ƙaryata uwarsa a gaban kasuwar da ta yi shekaru tana yi wa alfahari da shi, ya nuna musu cewa wannan mai safar shi ne duk abin da ta haifa. Ya ji tausayinta, ya ji kunyar kansa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce wasa yake yi, a Hamburg dai ya san ɗan nata.

Tsohuwar ta saki fuska. Ta tambaya ko yana lafiya, ko har yanzu ba ya cin kan kifi. Anselmo ya ce har yanzu.

“To idan ka koma, ka gaya masa ciyawa ta rufe kabarin uwarsa. Ni gwiwata ta daina hawa tudun nan.”

Ya yi mata alkawari zai faɗa masa. To, Anselmo, ka dai ji saƙo.