Ranar da Na Zaci Bakina Ya Karya Goɗiya

Ba zan taɓa mantawa da wata farar goɗiya mai suna Lu'lu'a ba, ko da yake da ana goge tunani da na goge rabin labarinta. A 2012 ne, ina karatun likitan dabbobi a Alƙahira, aka tura 'yan ajinmu koyon aiki wata barga a bayan Giza. Kullum da safe nakan hau ƙaramar bas da ake kira mikrobas daga unguwar Hayyin Ashir, in isa da ƙura a ido.

Mai bargar, wani dattijo da muke kira Ammu Sabri, ya rabu da yawancin dawakinsa tun da masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. Lu'lu'a ya ƙi sayarwa. Da ita yake ci da iyalinsa, har shuɗin dutse ya rataya mata a goshi saboda mugun ido.

Ni kuwa tun ina firamare nake da ciwon waƙe. (Na taɓa yi wa tukunyar Innarmu baiti, ku yi mini uzuri.) Da aka fito da goɗiyar cikin rana, sai bakina ya kufce. Na ce da Larabcin littafi, da ƙarfi, ƙafafun nan kamar da hasken wata aka ƙera su.

Fuskar Ammu Sabri ta canza. Ya ɗaga tafin hannu tsakanina da ita.

"Ki ce masha Allah, ya binti," in ji shi, wato 'yata.

Na faɗa, amma ko ni na ji ya zo a makare. Habu, ɗan ajinmu daga Damagaram, ya matso ya ce da Hausa, "Malama mai baituka, ki rage mana, kada a kore mu gaba ɗaya."

Washegari muka tarar da Lu'lu'a tsaye a kan ƙafa uku. Ta gaba ta dama tana rataye, ko ƙasa ba ta yarda ta taɓa ba. Gumi ya jiƙa wuyanta. Babu rauni, babu kumburi, babu wanda ya ga ta faɗi. Ammu Sabri yana zagaya ta da kaskon turare yana karanta Falaƙi da Nasi, ko dubana bai yi ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

An koya mana cewa doki in ya karye irin wannan karayar, ba a ɗori, allurar mutuwa ake yi masa. Na tuna kakata da labaranta na masu kambun baka, waɗanda in sun yabi yaro sai ya kwanta. Ashe ni ce ban sani ba? Na raɓe jikin bango na rufe ido, wai kada in ƙara mata wani abin. Duk motar da ta tsaya a waje sai gabana ya faɗi, don na san malaminmu, Dakta Magdi, yana tafe da jakar allurai.

Ya iso yana mitar cunkoson hanya. Ya dubi goɗiyar, ya dube mu, sai ya tsaya a kaina.

"Yalla, maza, ya daktora. Me kika gani?"

A nan ne na zube gwiwa biyu cikin ciyawa da kashin doki.

"Karaya ce, Dakta, kuma ni ce! Bakina ne! Don Allah kada a kashe ta, ni a kore ni!"

Ina jin Habu yana cewa a hankali, "Innalillahi, ta gama da mu."

Dakta ya cire tabarau. "Kin taɓa kofaton?"

"A'a."

"To da me kika gano karayar? Mafarki kika yi?"

Ya kama hannuna ta bakin riga ya ɗora a kofaton. Zafi rau. Ya sa na laluba bayan dunduniyar, na ji jijiya tana bugawa da ƙarfi. Ya ɗauko wani ƙarfe mai kama da awartaki yana matsa tafin kofaton wuri-wuri, har ya zo wani gefe, Lu'lu'a ta zabura.

"Tamam, ya yi. Tunda ke kika kashe ta, zo ki riƙe ƙafar."

Na riƙe, na sunkuyar da kai sosai don in ɓoye hawaye. Ya fara fiƙe kofaton da 'yar wuƙa mai lanƙwasa, yana bin wani baƙin ɗigo. Kafin in ce me, baƙar mugunya ta yi tsartuwa, ta same ni a haɓa, ta gangara kan mayafina. Warin kuwa (ku yafe mini) ko mushe albarka.

Lu'lu'a ta yi ajiyar zuciya. Da na sake ta, sai ta ɗora ƙafar a ƙasa a hankali, kamar mai gwada sanyin ruwa.

"Ƙurji ne," in ji Dakta. "'Yar tsakuwa ta shige, ta daɗe tana ruruwa a ciki tun kafin ki san bargar nan. A jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri, a naɗe. Khalas, shi ke nan."

Ammu Sabri ya rungume wuyan goɗiyarsa yana dariya, idonsa jawur. Ya miƙo mini bokitin ruwa ya ce, "Ma'alish, ba komai, ya binti. Ki wanke fuska, kada ki sa ta suma."

Habu bai iya tsayuwa ba don dariya. A mikrobas ɗin komawa, matar da ke kusa da ni ta buɗe taga, ta bayanta ma ta buɗe, direban ya dinga leƙen madubi yana neman wanda ya shigo da ruɓaɓɓen kifi.

Abin da na koya shi ne, in dabba ta yi ɗingishi, a fara taɓa kofato kafin a durƙusa neman gafara. In kuma za a riƙe wa likita ƙafa, a kau da fuska gefe, a zo da mayafi na biyu a jaka.