Mai Gadi Ya Gyara Wa Khairiyya Gona

Wani ne, mai gadi a wata cibiyar bincike a nan Doha. Yayana Gariba, Allah ya jiƙansa, shi ne direban wurin, kuma shi ya ba ni labarin a ɗakinmu na unguwar Muntaza. Wata huɗu ke nan da rasuwarsa, amma in na tuna yadda yake kwaikwayon tafiyar mutumin nan, sai in tsinci kaina ina dariya ni kaɗai a bayan sitiyari.

Mutumin ba shi da zance sai noma. Ko shayi ka miƙa masa, sai ya gaya maka irin ƙasar da ganyen ya fito.

A wurin akwai wata ɗaliba 'yar Zariya, Khairiyya, tana neman digirin dakta. Tana da wani ɗan ɗaki mai sanyi da fitilu, cike da tire-tire na wata 'yar ciyawa. Rabi sun yi kore shar. Rabi kuwa 'yan firit, ko tsawon ashana ba su kai ba. Wata rana mai gadin ya leƙa ya tambaye ta me ya sami ƙananan. Ta yi masa bayani cikin haƙuri. Ta ce a jikin tsiro akwai wani furotin, ana ce masa TOR, kamar shugaban leburori yake a wurin gini. In ya ga abinci ya wadata, shi yake ba ƙwayoyin jikin tsiron umarni su girma. Ita ce ta rage masa ƙarfi a cikin ƙananan nan, don ta ga abin da zai faru. Saura mako ɗaya su ba da iri, kuma a kan irin nan digirinta ya rataya.

Yana ta gyaɗa kai. Tana wucewa ya ce wa Gariba, "Yarinyar nan akwai ladabi, amma ba ta iya noma ba."

Hutun Sallah ya zo, kowa ya watse, Khairiyya ma za ta Umara. Ta roƙi mai gadin abu ɗaya: kullum da safe ya duba lambar awon zafi da ke jikin ƙofar ɗakin, in ta wuce ashirin da biyu ya kira ta. Kada ya shiga. Ya ce khalas, an gama, ta tafi ibadarta da kwanciyar hankali.

Ranar farko ya duba lamba, lafiya lau. Ya leƙa ta gilashi, tausayi ya kama shi. Ga makullin ko-ta-kwana a aljihunsa. Ya shiga, ya naɗe hannun riga, ya yi abin da manomi yake yi in shuka ta fito: ya cire raunana, ya bar masu ƙarfi. Ɗaya bayan ɗaya, yana 'yar waƙarsa. Har 'yan tsinkayen nan masu rubutu da ta kakkafa ya tumɓuke, wai suna tare wa shuka iska.

Rana ta biyu ya tashi daga aiki bai zame ko'ina ba sai kasuwar dabbobi. Ya roƙi kashin raƙumi cike da leda biyu, ya hau bas da shi. Kafin tasha ta gaba duk 'yan Nepal da 'yan Filifin sun koma baya sun cunkushe, shi kaɗai a gaba kamar minista. Ya isa, ya barbaɗa taki, ya ɗauko cokalin shayi ya ja wa kowane tire kunya, a miƙe sambal.

Rana ta uku ya shiga duba aikinsa, sanyi ya doke shi har ƙashi. Ya tsaya yana tunani, a wace duniya shuka take girma a firji? Ya nemo wurin kashe na'urar sanyin ya kashe, ya kuma wangale ƙofa don zafin Allah ya shiga. Can sai ya ga lamba tana hawa. Mutum ne mai cika alkawari, nan take ya kira ta tana Makka.

Ya ce, "Malama, lamba ta kai talatin da takwas. Amma kada hankalinki ya tashi, ni na kai ta."

Jirgin farko ta biyo. Gariba ne ya ɗauko ta, ya ce daga filin jirgi har cibiyar ba ta furta komai ba sai salati. Suna shiga wari ya yi musu maraba tun daga matakala. Ga mutumin nan a ƙofar ɗakin, ya goya hannu a baya, yana jiran godiya.

Ta dubi tire, ta dubi kunya, ta tambaye shi ina ƙananan. Ya ce ai motar shara ta yi gaba da su tun shekaranjiya, kuma ba sai ta ba shi komai ba, don Allah ya yi.

Ta sulale ta zauna a ƙasa da jakarta a hannu. Ta ce, "Baba, shekara biyu na yi kafin na samu suka ƙi girma."

Ya ce, "Shekara biyu kawai? Ni damina bakwai a jere na yi a garinmu, ko kara ɗaya bai kai mini gwiwa ba. Wa ya ba ni dakta? Gonar aka ƙwace, aka saya mini tikitin Qatar."