Yadda Na Ci Zaɓen Shugaban Capel

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da Baba ya cire ni daga firamaren unguwarmu, Kabara, ya kai ni makarantar mishan a bayan gari ba, wai Turancinsu ya fi nuna. Aji biyar aka sa ni. Lokacin darasin addini, mu 'yan Musulmi sai mu fita ƙarƙashin darbejiya wurin wani Malam, Kiristoci su shige wani ɗaki da ban taɓa leƙawa ba.

Ban daɗe da zuwa ba aka buga gangar zaɓen shugabannin ɗalibai. Ni kuwa tun ina yaro akwai son girma (a gida ma ni ke raba wa ƙannena nama, kuma ban taɓa cutuwa ba). Kowace kujera ta cika da 'yan takara, sai guda ɗaya, shugaban capel. Na tambayi Emeka, wanda muke zama benci ɗaya, mene ne capel.

Ya ce, "Inda ake raba biredi da abin sha."

Ƙarya bai yi ba, bayanin ne bai ƙarasa ba. Malamar da ke karɓar sunaye kuma ba ta yi tambaya ba, don sunana na annabi ne da kowane ɓangare ke sawa.

Na shiga kamfen da ƙarfina. Na hau benci na yi alkawarin idan na ci, biredin kowa zai ƙara kauri, har da bota. Yara suka yi ta tafi suna faɗuwa don dariya. Na ɗauka farin jini ne. Na ci zaɓe ba hamayya.

Ranar rantsarwa aka gayyaci iyaye. Baba, wanda ke karantar da littattafan fiƙihu a zaurenmu, ya naɗa rawaninsa ya zauna a sahun gaba. Shugabar makaranta ta kira ni, ta miƙo mini littafin waƙoƙin coci, ta ce daga yau ni zan riƙa jan waƙa da addu'ar safe, in fara yanzu. Na duba teburin da ke gabanta, ba biredi. Na duba Baba, shi ma ni yake dubawa.

Aka kunna lasifika. Da na buɗe bakina, abin da ya saba ne ya fito: "A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim." Mai kiɗan fiyano, da ya riga ya ɗaga hannu, ya mayar da shi cinya a hankali. Sai Fasto ya taso yana danne dariya, ya dafa kafaɗata ya ce, "Neman tsari daga Shaiɗan dai, mu ma muna so. Je ka zauna, yarona."

A adaidaita sahu, sai da muka shigo Ƙofar Ɗan Agundi Baba ya juyo gare ni. Ya ce, "Malam, ashe limanci ka samu ba ka faɗa mana ba."

Washegari aka ba wata yarinya kujerar, ni kuma aka naɗa ni shugaban butocin alwala. Shekara biyu ina cika su ina jera su.

Yanzu ko a taron unguwa aka ce akwai muƙamin da ba mai so, nakan gyara zama in yi shiru, don na gane jama'a sun riga ni sanin dalili.