Maharbi a Sama, Baka a Ƙasa

Wani mutum ne a nan Wisconsin ta Amurka, Allah ya jarrabe shi da son farautar barewa da kwari da baka, bai kuwa ba shi nasibi a cikinta ba ko ƙwayar zarra. Kowace kaka sai ya wuni a kan bishiya, ya sauko da mura. Ƙanin matarsa kuwa, Merle, wanda firjinsa ba ya rabuwa da nama, ya sa shi gaba.

"Mijin yaya, bana ma labari za a zuba mana a faranti ranar Idin Godiya?"

Ya ce, "Bana naman barewa za ka ci a gidana, wadda na harba da hannuna. In ba haka ba, a gabanka zan sa bakan nan a wuta."

Ya nufi shagon kayan farauta. Mai shago ya ce, "Ciwonka ɗaya ne, maigida: wari. Barewa tun daga nesa take jin ɗan Adam." Ya miƙo masa kwalbar fitsarin macen barewa. "Ɗigo kaɗan za ka sa a ƙasa, daidai inda kibiya za ta kai. Namiji da ƙafarsa zai zo."

Mutumin nan ya koma gida ya yi ƙiyasi irin nasa. Idan ɗigo yana kawo namiji guda, to kwalba garke za ta kawo. Sa'an nan mene ne hikimar ba ƙasa, alhali shi ne mai bukata? Alhasili ya juye ta duka a jikinsa, tun daga hula har takalmi.

Matarsa Darlene ta toshe hanci. "Wayyo ni! Me ya mutu a kicin ɗina?"

"Ilimi ne, ba ki sani ba."

"To fita da iliminka waje!"

Ya kwashi kayansa ya nufi daji. Kujerar hawa bishiya, kamar yadda aka sani, gida biyu ce: mazauni da matakin ƙafa, ana haɗa su da igiya don kada ɗaya ya gudu ya bar ɗaya. Shi bai ga dalilin wannan wahala ba. Ya ɗaura baka a doguwar igiya don ya jawo shi daga baya, ya yi ta hawa har can ƙololuwa. Yana zama ya ɗaga ƙafa, mataki ya sulale, ƙararar, sai gindin bishiya. Ya kai hannu biyu ya rungume itace, igiyar baka ita ma ta bi sawu.

Bai gama salallami ba sai ga ƙaton namijin barewa, ƙaho kamar rassan itace, irin wanda maharba ke tsufa ba su gani ba. Ya sansana bishiya, ya ɗaga kai, ya kafa masa ido. Ya goga ƙaho, ya tona ƙasa, ya yi gurnani mai taushi. Daga nan ya kwanta a kan bakan.

Mutumin ya ciro waya, murya ƙasa-ƙasa. "Merle, zo da tsani. Ka riƙo bakanka."

"Ka samu?"

"Kusan haka."

Merle ya iso. Ko kallonsa namijin bai yi ba, idonsa na sama. Iska ta kaɗo, Merle ya ja baya yana tari.

"Mijin yaya, wanka ka yi da fitsarin barewa?"

"Bar surutu, harbe shi! Mu ce ni ne. Dubi fa, tun ɗazu ya ƙi tafiya!"

Merle ya jingine tsani a wata bishiyar, ya cire hula, ya riƙe ta a ƙirji.

"A'a, mijin yaya. Mu a gidanmu ba a harbin wanda ya zo zance."