Yadda Za Ka Faɗa Kwata a Gaban Babban Baƙo

Kowane sakarai na iya faɗawa kwata. Ɗan yayyafi da takalmi mai santsi sun wadatar. Amma a ce ka faɗa da rana tsaka, ƙasa a bushe, manyan gari suna kallo, wannan sai da shiri. Ni na yi, kuma na yi shi da kyau. Na ƙarar da ƙuruciyata ina ɗaukar wa wata jarida hoto, yanzu ina kwance da ƙugu a ɗaure, lokaci ya yi mini yawa, kuma tun da maiɗakina ta rasu ba mai hana ni surutu. Bi matakan nan yadda na jera su. Ina ba ka tabbacin za ka kai ƙasa.

1. Samu editan da ya gaji da kai

Nawa yaro ne. Ni na ɗauki hotonsa ranar da ya karɓi kyauta a firamare, majina har leɓe. Shi ne ya kira ni ofis ya ce, "Malam, zauna mana." Duk ranar da edita ya ba ka kujera, fara neman kwalin kwashe kaya.

"Masu jaridar sun ce kowane ɗan rahoto yana da waya yanzu," in ji shi. "Suna tambaya me za a yi da teburin hoto."

Na ce, "A ɗora tukunyar fure."

"Malam, ba wasa nake ba. Gobe za a buɗe sabuwar tashar mota. Kawo mini hoton da zai hau shafin farko, in samu abin nuna musu. In ba haka ba, ƙarshen wata..." Bai ƙarasa ba, ya shiga gyara biro a kan tebur.

Kada ka roƙe shi. Fito kana murmushi, sai ka kai bayan gida sannan ka jingina da bango.

2. Tabbatar ba kowa a bayanka

Mai hoto da baya yake tafiya. Ido ɗaya a rufe, ɗaya a manne da 'yar tagar kyamara, yana ja har sai kowa ya shigo. Masu hankali a cikinmu sukan sa wani ya riƙe musu gefen riga. Ni marigayiya ce take riƙe mini a duk taron dangi, tana tafe a bayana kamar mai jan makaho, tana cewa, "Dakali. Buta. Ɗan mutane." Ranar aiki kuwa, daga bakin ƙofa take sallamata da kalma biyu: "Duba bayanka."

Amsata kullum ɗaya ce, wai ƙwararre da dunduniya yake gani. Riƙe wannan maganar da kyau, za ta yi maka amfani a mataki na shida. Ƙofar gidana dai yanzu ba ta cewa komai.

3. Je da wuri ka nuna ka fi kowa sani

Na isa tashar ana kafa rumfa. Tare aka tura mu da wata 'yar rahoto da muke kira Walƙiya, saboda kafin ka buɗe jaka ta ɗauka ta aika.

"Kawu, kawo in riƙe maka jakar."

"Riƙe wayarki, 'yata, kada ta faɗi aikin jarida ya tsaya."

Na leƙa ta kyamara, na ga matsala. Wata doguwar kwata ta zagaye tashar, an rufe ta da fale-falen siminti, amma daidai inda za a yanke ƙyalle murfi ɗaya babu. Baƙin rami a tsakiyar hotona. Na nemo ɗan kwangilar na ce, "Wannan zai ɓata maka aiki a jarida."

Ya dafa kafaɗata. "Allah ya yi maka albarka, mai hoto. Murafen ne suka ƙare. Kai! Ku ɗauko na can baya ku sa a nan!"

Leburori suka ciccibo murfi daga inda kyamara ba za ta gani ba, suka toshe ramin. Ka lura da kyau: inda kyamara ba ta gani, nan mai kyamara yake tsayawa. Na ga sun ɗauke shi da idona. Har godiya na yi musu.

4. Jira

Babban Baƙo zai makara, kuma mai gabatarwa zai yi ta cewa yana hanya. Tsaya a rana. Yi tunanin littattafan da ka karanta kan haske da inuwa, da masanan da suka ce mai hoto shaidan tarihi ne. Ni tarihin da na shaida almakashi ne. Na san mai kaifi, na san wanda sai an riƙe wa Babban Baƙo ƙyallen ya yi ta tauna shi. Da ana ba da digiri a kan musafaha da tuni ina koyarwa.

Wannan tunanin yana da muhimmanci. Shi zai kore maka batun murfin daga ka.

5. Kada ka yanke kafaɗar kowa

Mutum zai yafe maka zagi, amma wanda ka raba wa kafaɗa biyu a jarida har ya mutu yana riƙe da kai, kuma kafin azahar ya kira edita. Don haka dole kowa ya fito cikakke.

Da aka miƙa almakashi su biyar ne a layi, hoton ya zauna daram. Sai shugaban direbobi ya kutso. Na ja baya. Ɗan kwangila ya shigo da ƙanensa. Na ƙara ja. Wani mai babbar riga da ba wanda ya san shi ya tsaya a gefe yana gyara hula, ya daka mini tsawa: "Mai hoto, na fito?"

"Saura hannunka, ranka ya daɗe."

Na ji Walƙiya daga nesa tana cewa, "Kawu! Kawu!" Kada ka waiwaya. Ka ɗauka so take ka matsa mata ta ɗauka da waya. Ɗaga mata hannu alamar ta yi haƙuri, manya na aiki. Hannun mai babbar riga ya shigo. Kowa ya cika. A raina na ce shafin farko ke nan, na ƙara taku ɗaya don in bar wa hularsa sarari.

6. Ceci kyamara

Dunduniyata ba ta ga komai ba.

A nan ake gane ɗan sana'a. Wanda bai iya ba zai saki kyamara ya tare da hannu. Ƙwararre ɗaga ta yake yi sama da hannu biyu kamar mai tsallakar da jariri a kogi, ya bar ƙugu ya yi sallama da siminti. Kyamarata ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ni kuma ina kwance cikin ruwan wankin mota da ledoji, ƙafafu a sama, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri.

Walƙiya ce ta fara isowa. Sai da ta ɗauke ni hoto sannan ta miƙo hannu. Ban ji haushi ba, ni ma da haka zan jera su.

7. Karɓi masu dubiya da fara'a

Edita ya zo gida da ledar lemo da jaridar ranar. Ga ni a shafin farko, tafin ƙafata ya fi fuskata fitowa, a ƙasa an rubuta cewa sabuwar tasha ta fara cin mutane tun ranar buɗewa. Ya ce ko kwafi ɗaya bai kwana ba.

"Kuma ka san da waya ta ɗauka, Malam?" Da tausayi ya faɗa, wanda ya fi zafi.

Na miƙa masa kyamarata. Ashe ina cikin faɗuwa yatsana ya danna. Hoton a karkace yake, rabinsa sama ce. A ɗaya rabin ga Babban Baƙo da almakashi a hannu, baki buɗe har kana ƙirga haƙoran gwal, ga layin manya kowa ya riƙe ciki don dariya, ba ko ɗaya da ya motsa ƙafa. Kuma ba kafaɗar da na yanke.

Ya daɗe yana kallo. "Wallahi Malam, ba ka taɓa ɗaukar kamar wannan ba."

"To buga shi."

"So kake a rufe mu?"

Ya ɓare mini lemo da hannunsa, ya ce in huta sosai, kada in yi gaggawar dawowa. Walƙiya ta gaya mini a waya cewa injin ruwan sanyi aka ɗora a teburina. Da tukunyar fure na so, amma ba a tambaye ni ba.

8. Bar 'yarka ta ga jaridar

Ka ɓoye ta ƙarƙashin filo, za ta gano. Tawa ta zo jinya, ta ɗaga filon za ta canja masa riga, ta gani, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Daga baya na ga ta juya fuska tana goge ido da mayafi.

Washegari ta dawo da shafin a cikin firam, ta ɗauko guduma.

"Ke, ba a ɗakina ba."

"Baba, gidan nan akwai hoton kowa, har da na akuyar maƙwabta. Naka ko ɗaya babu. Mama ta yi ta roƙonka ka tsaya a ɗauke ka, kana cewa ba wanda ya iya."

Ta buga ƙusa a gefen hoton uwarta. Ni na ɗauki wancan, a tsakar gida, ta ɗan karkata kai tana kallon wani abu a gefe, bakinta a buɗe za ta yi magana. Yanzu inda take kallo, nan ƙafafuna suke.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin ƙugun kowa, ko aikinsa, ko takalmin da ya ɓata. Wanda ya bi matakan nan ya tsira da mutuncinsa, shi ya san inda ya yi kuskure. Wanda ya faɗa kuma kada ya zo mini da ƙorafi cewa ba a gaya masa ba. Ni an gaya mini kowace safiya a bakin ƙofa, da muryar da ta fi tawa daɗi nesa ba kusa ba, ga shi kuma daga kwance nake maka bayani.